Daren Barkwanci a Wata Farfajiya ta Damagaram: Wa Ke da Izinin Tsokanar Wa?

Wannan nazari ya shafi dare ɗaya na barkwanci da wasu matasa suka shirya a farfajiyar wani gidan abinci da ke unguwar Sabon Gari a Damagaram, wata Asabar cikin hunturu, bayan sallar isha'i. Salon da suka ɗauko shi ne wanda mutum ɗaya yake tsayawa gaban jama'a da makirfo a hannu, ba shigar kwaikwayo, ba kiɗa, ba wanda zai amsa masa, ya yi ta zuba zance da bakinsa kuma da sunansa har lokacin da aka yanka masa ya cika. Mutum huɗu ne suka hau dandamali a daren. Uku sun sauka ana tafa musu, ɗaya kuma ya kusa watsa taron, alhali shi ne ya fi su shiri, kuma a ganina shi ne ya fi su kaifin baki. Abin da ya raba su ba yawan ban dariya ba ne, tambaya ce da kowane Bahaushe yake yi a ransa kafin ya saki dariya a bainar jama'a: wannan da ke magana, yana da hurumin faɗa wa wancan abin da ya faɗa masa?

Masu shirin 'yan wata fada ce ta shan shayi, galibinsu ɗaliban Jami'ar André Salifou, tare da wasu abokansu masu ƙananan sana'o'i. Sun san salon ne ta wayoyinsu, musamman ta hanyar Mamane, ɗan Nijar ɗin nan da ya yi suna a gidan rediyon RFI da labaran ƙasar Gondwana da ya ƙirƙira, da kuma masu barkwancin Abijan da na Najeriya. Sai dai ba a kan fako suka shuka abin ba, domin Damagaram ta daɗe da sanin dariya a gaban taro. Akwai wasan kara, inda talakawa suke kwaikwayon shugabanni da manyan ma'aikata da tufafinsu da tafiyarsu. Akwai 'yan kama, masu ɗaukar muryar wa'azi su yi ta bayani a kan tuwo da miya. A zamanin Seyni Kountché, tsakanin 1974 da 1987, ƙungiyoyin samariya sun raya wasan kwaikwayo da Hausa, kuma 'yan wasa irin su Yazi Dogo sun kai dariyar garin nan gidajen mutane ta rediyo da talabijin na ƙasa. Bayan haka finafinan Kano suka shigo da Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014. Duk waɗannan suna da abu guda da ya haɗa su: mai ba da dariyar yana fakewa ne a bayan wani abu, ko rawani na aro, ko sunan wasa, ko ranar da al'ada ta ware. Wanda ya hau dandamali shi kaɗai da sunan da ubansa ya raɗa masa ba shi da wannan mafaka, kuma duk abin da ya fito daga bakinsa a kansa za a rubuta shi.

Wurin ƙarami ne, katanga ta kewaye shi, ƙofa ɗaya. An shimfiɗa tabarmi a gaba, an jera kujerun roba na haya a tsakiya, benci biyu a baya, mata kuma suka zauna a gefe guda kusa da ɗakin girki. Dandamalin teburori ne aka haɗa aka rufe da darduma, an rataya ƙwai biyu na lantarki, an kuma ajiye injin wuta a waje don gudun ɗaukewar wuta. Kuɗin shiga dala ɗari ne, wato sefa 500. Tun a ƙofa aka fara ganin wahalar sayar da dariya a garin da kowa ɗan'uwan kowa ne, domin wanda aka ɗora a kan tikiti ya kasa karɓar kuɗi daga yayyensa da surukan abokansa da maƙwabtan mai gidan abincin, har kusan rabin waɗanda suka zauna ba su biya ba. Wannan ma yana da alaƙa da abin da ya faru daga baya: taron ba na baƙi ba ne da za su watse kowa ya kama gabansa, taro ne na mutanen da gobe za su haɗu a masallaci da kasuwa da wurin suna.

Kafin a fara, masu shirin sun zauna da masu wasan sun kafa sharuɗɗa: ba a taɓa addini da malamai, ba a taɓa fadar Sarkin Damagaram, ba a kama sunan wani mai mulki, ba batsa. Ba wanda ya yi gardama a kan na farkon. Ko ƙaramin cikinsu ya san abin da ya faru a garin nan ranar 16 ga Janairu 2015, lokacin da zanga-zangar ƙin jinin zanen wata jaridar barkwanci ta Faransa ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka ƙona cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da majami'u, aka kuma rasa rayuka. Abin lura shi ne, jerin sharuɗɗan ya tsaya a kan batutuwa kawai. Ba wanda ya yi tunanin kafa doka a kan mutanen da ke zaune a wurin, kuma ta nan ɓarakar ta fito.

Na farko ɗan kabu-kabu ne, kuma bai wahala ba. Kansa ya fara ci: yadda yake wanke babur da safe ya fi yadda yake wanke jikinsa, yadda fasinja za ta hau da buhun gero da akuya da yara biyu sannan ta ce ai ita kaɗai ce za ta biya. Daga nan ya shiga maganar ruwa, wadda ba Badamagare da ba shi da labari a kanta. Ya kwatanta magidanci da ke tashi ƙarfe uku na dare yana lallashin famfo da murya mai taushi irin wadda bai taɓa yi wa matarsa ba, da yadda ɗan garuwa a watan zafi yake wuce alhazai ba ya ko waiwayowa. An yi dariya sosai, har daga ɓangaren mata, domin ba wanda aka ware. Wahala ce ta kowa, mai faɗar ta kuma yana cikinta tsundum.

Na biyu ɗalibi ne Bafillace, siriri, da ya hau yana riƙe da sanda. Bai ɓata lokaci ba ya tambaya ko akwai Barebari a wurin, da hannaye suka tashi sai ya ce to alhamdulillahi, bayinsa sun iso, ana iya farawa. Minti goma ya yi a kansu: burabusko, da yadda suke lanƙwasa Hausa, da taƙamarsu da Borno. Da wani ne ya faɗi rabin wannan da an tashi baram-baram, musamman a garin da gidan sarautarsa ma daga Barebari ya samo asali. Amma tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, kamar yadda yake tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, ko tsakanin taubasai, kuma wannan al'ada ce da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Ƙa'idarta sananniya ce: ba a fushi, kuma wanda aka tsokana yana da damar ramawa. Haka kuwa aka yi. Wani ɗan kasuwa Babarbare ya miƙe daga kujerarsa, ya taka har gaban dandamali, ya manna wa yaron jaka ɗaya, wato sefa 1000, a goshi, ya ce: "Ungo, Fillo, je ka sayi sabulu, warin nono ya hana mu jin abin da kake faɗa." Wannan ita ce dariya mafi ƙarfi a daren, kuma ba daga bakin mai makirfo ta fito ba. Yaron ya yi dabara da bai nemi ya fi shi ba, ya durƙusa ya karɓa yana cewa bawa ne ya kawo wa ubangidansa gaisuwa.

Na uku shi ne abin nazarin. Ɗalibi ne mai shekaru ashirin da 'yan kai, ya rubuta zancensa, ya haddace, ya san inda zai dakata da inda zai ɗaga murya. Ya fara da kyau, yana cakuɗa Hausa da Faransanci kan rayuwar ɗalibi mai jiran kuɗin tallafi, da mai shago da ya daina amsa masa sallama saboda bashi. Sai ya shiga abin da ya gani ana yi a bidiyo, wato a zaɓi wani daga sahun gaba a mai da shi abin wasa. Idonsa ya faɗa kan wani dattijo mai furfura, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda kawun mai gidan abincin ne, an kuma ba shi kujerar gaba don girmamawa. Ya fara da hularsa, aka ɗan yi murmushi. Ya tambaye shi shekarunsa, dattijon ya yi shiru. Sai ya juya ɓangaren mata ya ce ya ji an ce Baba ya yi amarya, ya tambaya ko tana nan, sannan ya ƙara wata magana a kan ko Baba zai iya da ita.

Wurin ya yi tsit. Wasu samari a benci na baya sun fara dariya suka haɗiye ta da suka ga ba mai taya su. Mata suka sunkuyar da kai, biyu daga cikinsu suka ja mayafi suka nufi ƙofa. Mai gidan abincin ya fito daga ɗakin girki ya tsaya. Yaron, da yake a bidiyon da ya koya shiru alama ce ta a ƙara matsawa, ya sake wata maganar, ita ma ta faɗi ƙasa.

Yana da kyau a tsaya a duba abin da ya karya, domin bai taɓa ko ɗaya daga cikin batutuwan da aka hana ba, in ban da ya goga gefen batsa. Na farko, ba wasa tsakaninsa da mutumin. Ba taubashinsa ba ne, ba abokin wasan ƙabilarsa ba ne, sa'an mahaifinsa ne, kuma tsakanin ɗa da uba kunya ce take aiki. Na biyu, ya ambaci iyalin mutum a gaban maza, abin da ko tsakanin sa'o'i ake kaffa-kaffa da shi. Na uku kuma, wanda na fi ba nauyi, ya tsokani wanda ba zai iya ramawa ba. Babarbaren da ya miƙe ɗazu ramawarsa ta ƙara masa daraja. Dattijo kuwa in ya buɗe baki ya yi cacar baka da yaro a gaban jama'a ya zubar da girmansa, in ya yi shiru kuma an ci shi. 'Yan kallo sun gane an sa mutum a tsaka mai wuya, kuma duk wanda ya yi dariya ya zama da hannunsa a ciki. Da yawa daga cikin mazan da ke wurin sun zauna a ajinsa suna yara. Shirun da suka yi hukunci ne, ba rashin fahimtar barkwancin ba.

Mai gabatarwa ne ya ceci daren, mutum mai kimanin shekara arba'in da ya saba sanƙiranci a wuraren biki. Ya hau ba gaggawa, ya dafa kafaɗar yaron, ya karɓi makirfo kamar lokacinsa ne ya cika. Bai ba da haƙuri kai tsaye ba, domin yin haka zai tabbatar cewa an yi cin mutunci. Sai ya fuskanci dattijon ya rage tsawo ya ce: "Baba Malam, ka san halin jika da kakansa. Kishi ne yake damun sa, ya ga ka riga shi." Da wannan jimla ya ɗauke maganar daga tsakanin ɗa da uba, inda take haramun, ya mai da ita tsakanin jika da kaka, inda al'ada ta yarda a yi wasa har a kan mata, tunda kaka kan kira jikarsa matarsa, ya kira jikansa abokin takara. Ya buɗe wa dattijon ƙofar ramawa ba tare da ya sauko daga girmansa ba. Dattijon ya ɗan jima, sannan ya ce, ba tare da ya karɓi makirfo ba: "Ku bar shi. Wanda mai shago bai amsa wa sallama ba, wace yarinya za ta amsa masa?" Farfajiyar ta ɓarke da dariya da tafi, yaron ya sauko ya durƙusa a gabansa, matan da suka kai ƙofa suka dawo.

An yi ta yaba wa mai gabatarwar, kuma ya cancanta. Sai dai ina ganin kada a manta cewa dangantakar da ya ambata ta aro ce. Yaron ba jikan mutumin ba ne, kowa ya sani. Dattijon ne ya ga dama ya karɓi rigar da aka miƙa masa, da ya tashi ya fita, ba wanda zai ga laifinsa, kuma da taron ya mutu a nan. Wato abin da ya tsayar da daren alheri ne na mutum ɗaya, ba tsarin masu shirin ba, kuma ba a gina sana'a a kan fatan kullum za a samu mai haƙuri a sahun gaba.

Na huɗu tsohon hannu ne da ya taɓa yin wasan kwaikwayo a rediyo, ya kuma san yadda ake kwantar da taro. Ya yi muryoyi biyu shi kaɗai: wani babban ma'aikaci da ya zo ƙauye yana jawabi da Faransanci mai nauyi, da tafintansa da ke juya kowace jimla yadda ta yi masa daɗi. Ma'aikacin ya yi dogon bayani kan tsare-tsaren ci gaba, tafinta ya ce: "Ya ce a kawo kaji." Bai kama sunan kowa ba, bai faɗi ofis ba, amma kowa ya ga wanda yake so ya gani a ciki. Wannan tsohuwar hanya ce ta wasan kara da ta samariya, a soki kujera a bar mai zama a kanta, kuma ya nuna tana shiga sabon salon ba tare da ta rasa komai ba. In za a yi maganar ƙarfin hali, abin da ya faɗa ya fi na ɗalibin nisa, domin ya taɓa hukuma da cin hanci da raina talaka, amma ba wanda ya motsa a kujerarsa don jin kunya.

Akwai ta biyar da aka sa a jeri ba ta hau ba, wata ɗaliba da abokanta suka ce ta fi mazan iya kwaikwayon murya. Yayanta ya hana, ba don wasan ba, sai don wayoyin da za a ɗaga. A lokacin wasu sun ga tsaurinsa, kwana biyu bayan haka suka daina ganin haka.

Abin da ya faru shi ne, wani daga cikin 'yan kallo ya ɗauki bidiyon na ukun, ya yanko daidai wurin maganar amarya, ya tura a WhatsApp. Guntun bai kai ga shigowar mai gabatarwa ba, bai nuna amsar dattijon ba, bai nuna durƙuson ba. Wanda ya gan shi a waya yaro kawai ya gani yana wulaƙanta tsoho a gaban mata, fuskar tsohon kuma a fili. Sulhun da aka yi a farfajiya ya tsaya a farfajiya. 'Ya'yan dattijon, waɗanda ba su halarta ba, suka je wurin mai gidan abincin da zafi, sai da mahaifin yaron ya ɗauki wani aminin gidan suka je har zaure suka ba da haƙuri, a wannan karon a fili kuma ba da sunan wasa ba. Nan ne raunin dogaro da al'adar wasa ya bayyana: tana aiki ne a tsakanin mutanen da suke wuri ɗaya, suka san wane ne wane, suka ga farko da ƙarshe. Ko zancen Bafillacen nan, da za a yanko inda yake kiran Barebari bayi a tura wa wanda bai san shi ba, bai kuma ga jakar da aka manna masa ba, zai iya zama wata fitinar.

Ta fuskar kuɗi daren bai yi asara ba, bai kuma yi riba ba. Abin da aka tara a ƙofa ya tafi a hayar kujeru da lasifika da man injin wuta. Masu wasan sun tashi da abin da aka manna musu kawai, kuma rabon bai bi yawan aiki ba: Bafillacen ya fi kowa samu saboda Barebari sun yi ta fitowa ramawa da kuɗi a hannu, tsohon ɗan rediyon da ya fi kowa gwaninta ya samu kaɗan, tunda ba wanda ya tsokana balle a zo a rama. Wannan abin dubawa ne ga masu shirin, domin in kari ne zai riƙa ciyar da mai wasa, kowa zai koma tsokanar masu kuɗin sahun gaba ko yi musu kirari, sai a wayi gari an koma roƙo da wani suna. Mai gidan abincin ne kaɗai ya ƙirga riba a daren, ta shayi da tsire da lemo.

Da suka koma neman wurin karo na biyu, ya amince bisa sharuɗɗa uku da shi ya kafa, ba su ba. Kowane mai wasa zai faɗa wa mai gabatarwa abin da zai yi kafin ya hau. Ba a nuna kowa da yatsa a cikin 'yan kallo sai wanda aka tambaya tun a ƙofa ya ce ya yarda, kuma ba a ambatar matar kowa. Sahun gaba na samari ne, dattawa in sun zo a ba su kujeru a gefe inda haske bai kai ba. Matasan sun karɓi biyun ƙarshe nan take, sun yi gunaguni a kan na farko, suna cewa rabin daɗin salon yana cikin abin da ya zo wa mutum a take, kuma suna da gaskiya a nan, tunda mafi kyawun jimloli biyu na daren farko ba wanda ya rubuta su. Sun ƙara nasu gyaran: za a riƙa haɗa kari wuri ɗaya a raba, kuma wanda zai tsaya a ƙofa zai zama baƙo daga wata unguwa da ba ya jin kunyar kowa.

Maganar waya ce ba su daidaita ba. Mai gidan yana so a hana ɗauka gaba ɗaya. Masu wasan kuwa ta bidiyo suke fatan a san su a Maradi da Yamai da Kano, kuma sun san ba za a iya karɓe wayar mutum ɗari a ƙofa ba. Shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce su ɗauka da kansu, su fitar da cikakken wasan kowa a daren kafin wani ya riga su da guntu. Ɗalibin da ya jawo maganar yana cikin jerin dare na biyu, ya ce zai yi zancensa a kan ranar da mahaifinsa ya tasa shi gaba zuwa zauren dattijon, kuma ya riga ya je ya nemi izinin Baba Malam ɗin, wanda ya ce ya yarda muddin ba za a sake ambatar hularsa ba.